Harafin da Mushe Hayatu Ya Cika

Ga ta nan, ga ta nanku. To ku amsa mana, ku ce ta zo mu ji ta. Sai dai ku gyara zama, don wannan ba ta kura da ɓauna ba ce. Ta tashar motar Gazawa ce, a shekarun nan da aka tashi daga babban taron ƙasa, kowa yana faɗin dimokuraɗiyya da baki cike, ciki kuwa wayam.

Asama'u mai tuwo tana tsaye a bakin rumfarta, ludayi a hannu, ido a kan hanyar lakol, wato makarantar boko. Azahar ta gota. Ma'aikatan da suke ci a wurinta sun ci sun wanke hannu, saura mutum ɗaya a kan benci yana suɗe kwano. A gindin murhu kuwa ga wani kwano mai murfi ta ajiye inda zai sha ɗumi. Yau kwana huɗu ke nan tana ajiye shi, mai shi bai zo ba.

Wata da watanni albashi bai fito ba. An rufe lakol, buro-buro, ofisoshin gwamnati, sun zama wurin barcin awaki, ma'aikacin da a da ake tashi a ba shi kujera ya koma yana bin gefen katanga kada a gan shi. Shi ne 'yan kasuwar tasha suka zauna suka ce wannan abu bai yi ba. Ɗan Azumi mahauci ya ce ƙashi da kayan ciki a kansa. Sabo mai kanti ya ɗauki mai da shinkafa. Masu hatsi suka ce kowa tiya guda ranar kasuwa. Asama'u ta ce ita ba ta da abin bayarwa sai hannu da tukunya, a kawo ta dafa. Kullum da rana duk ma'aikacin da ya zo ya zauna ya ci, ba mai tambayarsa ko dala.

Kowa ya zo ban da Mushe Hayatu, malamin lakol, don a can mushe ake ce wa malamin boko. Shekara goma sha tara yana koyarwa a garin, rabin samarin tasha sun bi ta hannunsa, har da Sabo mai kanti. Dogo ne siriri, rigarsa kullum a goge ko da gawayin aro ne, aljihun gaba ba ya rabo da guntun alli. Da rumbu ya ƙare ya tura matarsa Hasiya da yara gidan iyayenta a Cadakori, ya zauna shi kaɗai yana jiran a buɗe aji. Asama'u ta lura wuyan rigar ya fara yi masa yawa.

Ita ta san irin mutanen nan. Rannan yana wucewa sai ta ɗaga murya.

"Mushe, don Allah tsaya. Harshena ya mutu, mura ta kashe shi. Ɗanɗana mini gishirin miyar nan, kada in kunyata gaban mutane."

Ya tsaya, ya ce a ba shi a ludayi. Ta ce ai miya ba a gane ta sai da tuwo. Ta ɗora masa malmala biyu. Ya zauna can ƙarshen benci ya cinye tas, ya wanke hannu, ya ce, "Ya yi daidai, Yaya. Gobe kada ki ƙara, kada ki rage."

Murar nan ta Asama'u, jama'a, wata biyu ta yi ba ta warke ba. Kullum sai Mushe ya zo ɗanɗano. Wata rana ya ce ya ɗan yi sama, wata rana ya ce daddawa ta danne shi, ita kuwa ta yi ta gyaɗa kai kamar ɗalibar da ake yi wa gyara. Ta san abin da ke shiga cikinsa ke nan daga rana sai rana.

Wanda ya rage a kan benci shi ne Majo Sale, babban ma'aikacin asibitin garin, Bagobiri daga Gidan Rumji. Ita kuwa Bakatsiniya ce, saboda haka ba sa haɗuwa ba su taɓa juna da wasa ba.

"Ke baiwata, wancan kwanon na wa ne? Kawo shi nan ubangidanki ya sa masa albarka."

"Ka ci biyu, Bagobiri, ko kunya babu. Na Mushe ne. Wai ko ba shi da lafiya? Bai zo wurinku ba?"

"In ya zo ma mi za mu ba shi? Ko auduga ba mu da ita." Ya suɗe yatsa. "Lafiyarsa lau. Shi dai ba ya iya zama ƙarƙashin allonku ne. Mu da muka sayar da kunya muka sayi tuwo, ga mu nan."

"Wane allo?"

Ya nuna sama da haɓa.

Allo ne baƙi, Sabo ya rataya shi a goshin rumfar kwana huɗu da suka wuce. Lokacin kowace jam'iyya tana kafa allonta a bakin hanya, shi ma ya ce abin alheri bai kamata ya zauna ba suna ba. Ya rubuta da alli da hannunsa, manyan baƙaƙe. Asama'u ba ta taɓa shiga aji ba, ko na yaƙi da jahilci. Da ta tambaye shi abin da ya sa, ya ce, "Sanarwa ce, Inna, don mutane su san wurin." Ita a zatonta sunanta ne a sama, har daɗi ta ji.

"Karanta mini," ta ce.

Majo Sale ya daina dariya. Ya karanta a hankali. "Sadaka ga ma'aikatan gwamnati masu jin yunwa."

Ta ajiye ludayin a kan murfin tukunya. Sai ranar ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Mushe ya zo kamar kullum, ya tsaya a gaban rumfar, ya ɗaga kai ya daɗe. Ya sa hannu aljihu ya fito da allinsa, ya yi ɗage, ya ƙara wani ɗan abu a tsakiyar kalmar farko. Ita kuwa tana ta washe baki, har ta ce masa, "Yawwa Mushe, gyara mini shi da kyau, kowa ya gani." Ya dube ta, ya ce yau ya riga ya ci, ya juya.

"Mi ya gyara?" ta tambayi Majo.

"Sabo ya manta harafi ɗaya, ya sa sadka. Shi ya cika masa. Kin gan shi nan, ɗan ƙaramin da ya fi sauran kyau. Harafin a ke nan."

Sabo yana jin sunansa ya fito daga kanti yana goge hannu. Da ya gane zancen ya ce, "To Inna, ƙarya na rubuta? Ba sadaka ba ce? Don Allah muke yi."

"Shi ya koya maka riƙe alli, Sabo."

"Ai shi ya sa na so ya ga hannuna."

Ta ga da gaske yake, bai san abin da ya yi ba. Ta hau turmi, ta sauko da allon, ta tsoma tsumma cikin ruwan wanke-wanke ta goge shi. Da ta zo kan ɗan harafin nan sai hannunta ya ƙi. Ta kewaye shi, ta jingine allon a bayan buhun gawayi.

Daga nan ta hura wuta sabuwa, ta ɗora ƙaramar tukunya. Kuka, daddawa, tattasai, tsoka biyu da ta karɓo wurin Ɗan Azumi. Hannunta ya tafi kan ƙwaryar gishiri da kansa, ta janye shi. Wata biyu tana yi wa bawan Allah ƙarya. Yau tana so in ta ce a ɗanɗana mata, ya zama da gaske akwai abin gyarawa.

Bayan la'asar ta ɗauki kwano a ka, ta bi ta bayan lakol. Tagogin aji a rufe, ciyawa ta cinye filin da yara suke jeruwa. Ta yi sallama a ƙofar gidansa. Yana tsakar gida a tsugune, yana ɗaure wani kwali da igiya. Tabarma a naɗe, buta a kanta. Ɗakin a buɗe, ba komai ciki sai ƙusoshi a bango.

"Yaya, ke ce da kanki? Wa kika bar wa rumfa?"

"Tafiya za ka yi?"

"Wani ɗan'uwana a Katsina ya samo mini gadin sito. Motar ƙarshe zan bi zuwa iyaka."

"Gadi, Mushe? Yaran lakol fa, in an buɗe?"

Ya ci gaba da jan igiya. Ta sauke kwanon a gabansa, ta buɗe.

"Na sauke allon. Wallahi ban san abin da ke jikinsa ba. Ni na ɗauka sunana ne."

"Na sani."

"To ɗanɗana mini gishiri."

Ya dubi kwanon. Ya wanke hannu da butar, ya gutsuri tuwo kaɗan, ya dangwala, ya kai baki. Ya tauna ya daɗe, sai ya yi wata 'yar dariya.

"Babu gishiri ko ƙwaya."

"Ka gani? Kwana huɗu ba ka zo ba, ga abin da nake ba mutane."

"Yaya Asama'u," ya ce, "shekara nawa ina wucewa ta rumfarki. Gishirinki bai taɓa yin sama ba, bai taɓa yin ƙasa ba. Tun ranar farko na san ba ki da mura. Ke kin yi kamar ba ki sani ba, ni na yi kamar ban sani ba, muka zauna lafiya. Amma ni aikina ke nan, in an rubuta abu in karanta. Na karanta, har na gyara da hannuna. Yanzu ko kin goge, yana nan."

"Ba mai cewa komai. Majo ma yana ci."

"Majo bai koya wa mai kanti abacada ba."

Ta kwance bakin zanenta, inda ta ƙulle ɗan gishiri don in ya ce babu ta ce to nuna mini yadda zan sa. Ta miƙa masa. Ya karɓa, ya barbaɗa, ya juya da yatsa, ya ci malmala ɗaya a tsugune, ita tana kallon bango don kada ta sa masa ido. Ya rufe sauran.

"Wannan na hanya ne, in kin yarda. Kwanon zan ba direba ya dawo miki da shi."

"Ya yi yanzu?"

"Ya yi daidai."

Ya ɗora kwalin a ka, ya rataya tabarma, ya riƙe kwanon a hannu. Bai bi ta tasha ba, ya ce zai tari motar a bayan gari. Ta tsaya a ƙofar gidan har doguwar rigar ta sha kwana.

Kwanon ya dawo washegari, a wanke. An ci gaba da dafa wa ma'aikata har ranar da albashi ya fara fitowa. Aka buɗe lakol, aka turo wani mushe daga Agye. Majo Sale ya yi ritaya ya koma Gidan Rumji. Sabo ya shiga jam'iyya, kantinsa ya zama biyu, har yau in an yi zancen yana cewa shi bai ga laifin da ya yi ba. Hasiya ta bi mijinta Katsina da yaran bayan damina. Mushe Hayatu ya yi shekara uku yana gadi, ciwon ƙirji ya kama shi, aka binne shi can, bai sake riƙe alli a aji ba. Asama'u ta yi ta tuwonta a tasha har ƙafa ta gaza, ba ta ƙara yarda an rataya komai a goshin rumfarta ba. Allon yana ɗakinta a bayan gado, ta rasu ta san harafi ɗaya.