Kwalayen Luke

Shekara biyar ke nan Liatu tana kula da kwalayen yayanta Luke. Guda arba'in da ɗaya ne, kowanne bai fi littafin waƙoƙin coci girma ba, kuma a cikin kowanne akwai kaset na wasan talabijin. Luke ya tara su ne lokacin da yake gyaran rediyo da talabijin a Funtua. Duk malamin makaranta Ba'indiye ko Bature da zai koma ƙasarsu, sai Luke ya bi shi har gida ya karɓi tsofaffin wasannin 'ya'yansa, amma sai da kwalinsu na asali. Wanda kwalinsa ya yage, ko kyauta ba ya so.

A 1983 ya tafi Fatakwal neman aiki. Kafin ya tafi ya kawo kwalayen gida Gozaki, ya jera su a kan kanta a ɗakinsa, ya ce wa Liatu wata shida ne kawai. Kada rana ta taɓa su, launinsu zai koɗe. Kada a ɗora wani a kan wani. A goge da busasshen tsumma, ban da ruwa.

Gidansu babu lantarki, balle talabijin, don haka Liatu ba ta taɓa ganin abin da ke cikinsu ba. Hotunan bayan kwalin kawai ta sani: jiragen sama, motoci, wani mutum riƙe da takobi. Duk Asabar sai ta ajiye ɗinkinta ta goge su ɗaya bayan ɗaya, mahaifiyarsu Rahab tana zaune a bakin ƙofa. Idanun tsohuwar sun yi rauni, amma tana jin motsin kowane kwali.

Tun bara Dorkas, 'yar kawunsu, take kiran Liatu Malumfashi. Tana da shagon ɗinki, aiki ya fi ƙarfinta, kuma akwai ɗaki biyu a gidanta kusa da asibiti, inda za a riƙa duba idon Mama. Rahab ta ƙi.

"Luke ya ce kada a motsa su. In ya zo ya tarar da gida a rufe fa?"

"Mama, sai a faɗa masa inda muke."

"Ke ki tafi. Ni ina nan."

Ta san Liatu ba za ta bar ta ita kaɗai ba.

Da daminar 1988 gara ta biyo bango ta cinye murfin kwali ɗaya. Liatu ta ɓoye shi a zaninta, ta ce za ta sayo zare, ta hau mota zuwa Funtua wurin Malam Shitu, wanda ya koya wa Luke gyara.

Malam Shitu ya juya kwalin a hannunsa, ya yanko takarda mai kauri, ya manna ta ciki da ƙaro yadda ba za a gani ba. Kafin ya bushe ya ce, "Kin taɓa ganin wasan kuwa?"

Ta girgiza kai. Ya jawo wata tsohuwar na'ura daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura, ya haɗa ta da talabijin, ya cusa kaset ɗin. Wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu kusurwa suka fito suna tsalle, da ƙara kamar ta gyare. Babu jirgi irin na hoton.

"Shi ke nan?" in ji Liatu.

"Shi ke nan. Tsohon yayi ne. Shi kansa Luke da ya zo bara dariya ya yi da na tuna masa."

Liatu ta ɗago kai. "Ya zo ina?"

Malam Shitu ya tsaya. "Nan shagon, bayan Ista. An turo shi kwas Zariya. Ashe bai ƙarasa gida ba?"

"Bai ƙarasa ba."

Dattijon ya kashe talabijin ɗin. Ya daɗe yana goge hannunsa kafin ya ce, "Ya ce bai shirya haɗuwa da Mama ba tukuna. Ban tambaye shi dalili ba. Kaset-kaset ɗin kuma ya ce ya manta da su, a raba wa masu so. Na ɗauka ya rubuto muku."

A cikin mota Liatu ta riƙe kwalin a cinyarta don kada a matse shi. Sai da suka yi nisa ta lura da abin da take yi, amma ba ta iya sakinsa ba.

Da la'asar ta iso gida. Ta tarar da Rahab tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Ta zauna kusa da ita, ta faɗa mata komai, har garar. Tsohuwar ba ta daina ɓara ba.

"Shitu ya tsufa," ta ce. "Ba ya ji sosai."

"Mama, ya gan shi da idonsa."

"Ɗana ba zai zo Funtua ya koma ba. Wani ya gani."

"Mama, don Allah mu tafi Malumfashi. Ko wata ɗaya, a duba idonki."

"Ɗauko takarda."

Liatu ta ɗauko takarda da biro. Rahab ta faɗa, ita kuma ta rubuta wa Luke: suna lafiya, ruwa ya yi kyau bana, masara ta fara bunƙasa, kayansa suna nan yadda ya bar su, ko ɗaya bai lalace ba. A ƙasa Liatu ta ƙara nata layin: "Yaya, na je wurin Malam Shitu."

"Karanta mini," in ji Rahab.

Ta karanta, ta tsallake layin ƙarshe. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce gobe da safe a ba Mati direba ya kai gidan waya, sannan ta tambaya ko an ɗora tuwo.