Gidan Namun Dajin da Babu Gafiya

Wata biyu ke nan da Ghali ya ɗauko mahaifinsa, Malam Tanimu maharbi, daga ƙauyensu na gindin dutsen Zuma, bayan ƙafarsa ta shanye. Tun da aka sauke shi a gidan Magajiya inda Ghali ke haya, tsohon nan ya ɗinke bakinsa. A kai tuwo, a dawo da tuwo. Bara'atu matar Ghali ta yi miyar kuka, ta yi ta kuɓewa, har farfesun kaza ta yi, sai ya yi loma biyu ya ture kwanon. Likita kuwa bai ɓoye ba: in bai ci abinci ba, babu maganin da zai yi masa aiki.

Ran wata Asabar dabara ta faɗo wa Ghali. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da ya saya a gwanjon ofishinsu na Abuja, cikinta akwai wasan gidan namun daji: ka gina keji, ka zuba dabbobi, 'yan kallo su yi ta tururuwa. Wata uku yana fama da abin nan, har Bara'atu na kiransa Sarkin Dawa. Ya ce ai wanda ya ƙare rayuwarsa a daji, in ya ga namun daji dole ransa ya yi fari. Ya kinkimo ta niƙi-niƙi ya dire gaban tabarmar tsoho.

"Baba, ga zaki. Ga giwa. Wannan raƙumin dawa ne."

Tsoho ya ƙura wa gilashin ido ya daɗe. Can sai ya yi gyaran murya.

"Ina gafiya?"

Maganarsa ta farko ke nan cikin wata biyu! Ghali ya ji kamar ya yi kuka don murna. Ya buɗe jerin dabbobin, ya bi shi sama da ƙasa. Babu gafiya.

"Kurege fa?"

"Babu, Baba."

"Bushiya? Zomo? Ko ɗan damo?"

"Wallahi babu."

Tsoho ya ja tsaki. "To wane irin daji ne wannan? Shekara hamsin ina yawo a gindin Zuma, ban taɓa yin arba da giwa ba. Da zomo da gafiya na raine ku." Ya fara juya fuska bango.

Haushi ya turnuƙe Ghali. Kai, su ma dai masu haɗa wasan nan Allah ya shirye su! Sun zauna sun zana dorina har da 'yan kunnuwanta, amma kurege guda ya gagare su? Sai ka ce wanda bai kai girman mota ba ba halittar Allah ba ne.

"Baba, tsaya mana. Me kake so a yi?"

"Fitar da giwar can."

Giwar da ke jawo masa 'yan kallo! Ghali ya haɗiye yawu ya fitar da ita. Tsoho ya sa shi ya zuba ciyawa, ya jera duwatsu a gefe, ya haƙa ɗan tafki. Ya tambayi suri, aka ce babu, ya ce tir. Keji ya tashi fes, ba ko ɓera a ciki.

Nan da nan 'yan mutanen cikin gilashin suka ɓata rai, suka kama hanyar ƙofa. Jan rubutu ya hau walƙiya.

"Haba Baba! Keji wayam, ga jama'a na watsewa. Wahalar wata uku fa!"

"Su watse mana. Da wannan hayaniyar wace dabba za ta leƙo? Suna nan ciki, kai ne ba ka da ido. Sai ƙafa ta ɗauke suke fitowa." Ya muskuta ya jingina da bango, bai ɗauke ido daga ciyawar ba. "Ke Bara'atu, ɗan miƙo tuwon nan, 'yata. Ba a dakon nama da yunwa, ƙugin ciki korar su yake."

Bara'atu ta ruga madafa ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Kafin la'asar kwamfuta ta rubuta cewa an rufe gidan namun dajin, ta tambaya ko za a soma sabo. Ghali ya cije leɓe don takaici. Ya dubi kwanon, ya ga tsoho na suɗe hannu.

Ya danna, ya gina keji guda ɗaya, ya zuba ciyawa da duwatsu, bai sa komai a ciki ba.

"Yauwa," in ji Malam Tanimu ƙasa-ƙasa. "Yanzu ka yi shiru."