Aibi a Cikin Ciyawa

Duk layinsu a Kantin Kwari an san idon Abdulƙahhar. Kawo masa shadda ka rantse ta waje ce, zai fita da ita bakin ƙofa, ya ɗaga ta a rana, ya miƙo maka abarka, ya riga ya gane jabu ce. Wannan idon ne ya yi masa suna a kasuwa, shi ne kuma yake neman jawo masa kora daga ƙungiyarsu ta gem, wato wasan kwamfuta.

Su huɗu ne, suna buga wasan harbi a shagon kwamfutoci na Uchechi da ke Sabon Gari. Sau biyu ana fitar da su daga gasa, duka biyun kuma saboda shi. Ya ƙi yarda a taɓa masa saitin hoto, wai shi sai ya ga kowane ganye tar. Ita kuwa kwamfutar baiwar Allah ba ta iya ɗaukar wannan kaya. Da harbi ya kaure sai ta riƙa tsayawa tana haki, kafin ta farfaɗo an gama da shi.

Ranar Asabar bayan la'asar aka zo zagayen ƙarshe, wanda ya ci shi ne zai wakilci Kano a Legas. Chimezie, kyaftin ɗinsu, haifaffen Sabon Gari da Hausa ta zauna a bakinsa, ya dafa kujerar Abdulƙahhar.

"Mutumina, shekara shida muna tare, amma yau ba wasa. Ko ka bari Uchechi ta sauya saitin nan, ko ka tashi Sammani ya zauna. Idan ka tashi kuma, ka tashi ke nan."

Uchechi ta sunkuyo. "Kwamfutar za ta zana hoton ƙarami, sai ta ja shi ya cika allo, inda ya rage ta cike da hasashe. Za ka samu gudu, kyau ne zai ragu."

"Jabu ke nan," in ji Abdulƙahhar.

"Jabun da ba ya tsayawa," ta ce.

Ya dubi Sammani, ɗan wasansu na ko-ta-kwana, wanda tuni ya fara murza yatsu, ya ji abin ya soke shi. Ya janye hannunsa daga linzamin kwamfutar, ya bar Uchechi ta sauya saitin.

Da aka fara wasa, ransa ya ɓaci. Wayoyin lantarki na cikin gem ɗin suna rawa, ciyawa ta koma kamar atamfar da ta sha wanki har zanenta ya cuɗe. Amma fa bindiga tana bin hannunsa yadda bai taɓa ji ba, ko sau ɗaya hoton bai tsaya ba. Wannan ma ya ƙara ba shi haushi, don ya nuna sun fi shi gaskiya.

Minti goma sha biyu, aka kashe biyu daga cikinsu. Chimezie ya kwantar da mutum uku kafin shi ma a same shi. Saura Abdulƙahhar da mutum ɗaya na ɗaya ɓangaren, a fili mai doguwar ciyawa, da'irar da wasan ya killace su a ciki tana ta matsewa. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar janareto daga waje. Tsoro ya kama shi sosai, don da tsohon saitinsa ne da ya hango ko hular mutumin. Yanzu ba ya ganin komai sai kore a dame.

Sai ya daina neman mutum. Ya ja baya kaɗan, ya karkata kai, ya kalli allon yadda yake kallon yadi a bakin ƙofa. Can gefen dama, wani ɗan wuri bai yi daidai da sauran saƙar ba. Ciyawar wurin ta ja wani siririn dishi-dishi, irin na kalar da ta zame daga layinta a wurin buga zanen yadi. Kwamfutar tana hasashen abin da ke motsi, tana barin sawu a bayansa.

Idan kala ta zame, ainihin zanen yana gaba da ita kaɗan. Ya ɗora bakin bindiga gaban dishin, inda babu komai, ya danna.

Allon ya rubuta nasara. Kujeru suka faɗi, Chimezie ya rungumo shi ta baya yana girgiza shi.

"Ta ina ka gan shi? Wallahi ni ban ga kowa ba."

"Ni ma ban gan shi ba," in ji Abdulƙahhar. "Aibi na gani."

Uchechi ta matso tana dariya. "To Alhajin shadda, in mayar maka da hotonka mai kyau?"

Ya daɗe yana kallon ciyawar nan da ya tsana, wadda da an kawo masa ita kanti ko a kyauta ba zai karɓa ba.

"Bar min jabuna," ya ce. "Da shi za mu Legas."