Ranar da Kabtin Eteri ta isa raga

Ni ne Gwadabe, wanda ya yi dambe daga Gusau har Maraɗi ba a kai shi ƙasa ba sai sau ɗaya, ranar ma fagen ne da santsi. Da ƙuruciyata na zo umara na zauna. An kama ni an mayar, na dawo. Yanzu ina da iƙamata, wato takardar izinin zama, ina zaune a unguwar Kurayyat, ni ke share filin tanis na wani kulob ɗin mata a arewacin Jidda. A nan na san Kabtin Eteri.

Kabtin ake ce wa mai koyar da wasa a garin nan. Ita 'yar Jojiya ce, wata ƙasar duwatsu can gaba da Turkiyya. Larabcinta a karye yake, nawa ma ba na liman ba ne, amma muna gane juna. Ammu take ce mini, wato baffa. Kafin ɗalibai su iso da la'asar mukan sha shayi, in ba ta labarin mazan da na kayar, ita ma ta ba ni nata.

Ubanta ne ya fara koya mata a wani ɗakin wasa da ba wuta, tana buga ƙwallo a bango, yatsunta sun ƙage don sanyi. Da ta girma ta shiga duniya ita da jakarta, yau wannan ƙasa gobe waccan, tana wanke rigar wasanta da hannu a masauki. Ta ci ƙananan kofuna. Sau ɗaya ta shiga babbar gasa, aka fitar da ita a zagayen farko. Daga baya, a wata gasar da ko 'yan kallo babu, gwiwarta ta goce ana tsakiyar wasa, aka ɗauke ta a kwance.

"A wasanmu, Ammu, in an gama sai ka taka zuwa raga ka ba abokin karawarka hannu," in ji ta. "Ni ban isa ragar ba. Har yau ji nake kamar wasan bai ƙare ba."

Rannan Sitt Wafa', mai kulob ɗin, ta shirya biki, ta ce Kabtin ta kara da Shahad, gwanar ɗalibanta. Kabtin ta ƙi. Tsoronta kada a sake ɗaukarta a kwance, a gaban yaran da take koya wa.

Na ce, "Kabtin, a garinmu ɗan dambe ba ya barin fage a kwance. Yakan dawo sau ɗaya, ko za a doke shi, ya kwance zaren hannunsa a gaban jama'a. Daga nan ya huta."

"Kai ka yi haka?"

"Ni ai ban bari ba tukuna, hutu nake."

Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Washegari ta ce ta yarda, na kawo mata ƙyallena da zaren da nake naɗe hannu da shi, wanda ya haye teku tare da ni. Daga nesa na tsaya, ni da alwalata, ina nuna mata yadda za ta naɗa a gwiwa, a kan ɗaurin da likita ya ba ta.

Ranar biki iyaye mata suka cika kujeru. Aka fara, sai na ga Shahad tana turo ƙwallo a hankali kamar mai miƙa wa kaka tuwo. Raina ya ɓaci. Karawar tausayi ba karawa ba ce, ba ta sallamar kowa.

Na ɗaga murya na ce wa Shahad, "Ya binti, 'yata, raina ta kika yi? Yalla, buga mata!"

Kabtin ma ta ɗaga mata kai. Yarinya ta saki hannu. Na jawo jarkar ruwa na kifa ina kiɗa, ina yi wa Kabtin kirarin da aka yi mini a Gusau, na cire sunana na sa nata. Sitt Wafa' ta harare ni, na ƙara ƙarfi.

Nan muka ga matar da aka ba mu labari. Ba ta iya gudu, amma inda ta ga dama nan ƙwallo ke sauka. Can kusa da ƙarshe ta miƙa za ta taro wata, ƙafar ta yi rawa, ta dafa ƙasa da hannu. A dokarmu ta dambe wannan kisa ne, amma ni ban gani ba, ina kallon jarkata. Ta miƙe da kanta.

Shahad ce ta ci. Kabtin ta kama hanyar raga tana ɗingishi, Sitt Wafa' ta taso za ta riƙe ta, ta girgiza mata kai. Ta isa, ta miƙa hannu ta saman raga, ta riƙe na yarinyar ta daɗe ba ta saki ba.

Sannan ta zauna a tsakiyar fili, ta warware zaren a gaban kowa, ta naɗe shi, ta kawo mini.

"Halas, Ammu. An gama."

"Halas," na ce.

Yanzu a kan kujera take koyarwa, zaren kuma ya koma akwatina. Da ni aka haɗa da Shahad, da ba haka sakamakon zai kasance ba, amma ba wanda ya tambaye ni.