Abin da Maijidda Ta Rubuta

A shekarar da damina ta yaudari mutanen ƙasar Kunci karo na biyu a jere, Sama'ilu ya binne matarsa Maijidda. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, irin wanda a shekarar ƙoshi mutum kan sha jiƙon sabara ya miƙe. Ta bar masa 'ya'ya mata biyu: Zulaihatu mai shekara takwas, da Adama wadda ba ta daɗe da yaye ba.

Da aka yi sadakar bakwai 'yan'uwa suka watse, don kowa ya baro tasa yunwar a gida. Yayarsa Hure, wadda ke aure a Zakirai, ta ce ya ba ta ƙaramar ta tafi da ita, tunda mijinta ɗan kasuwa ne, gidansu ba ya rasa hatsi. Sama'ilu ya ce a'a, ba zai rasa uwa ya kuma raba 'ya'yanta a wata guda ba.

Daga nan ya zama shi ne uba, shi ne uwa. Da sassafe ya ja ruwa a rijiyar da sai an haɗa igiya biyu guga ke taɓa ruwa, ya dama wa yara kunu, ya kora jakinsa dakon itace zuwa kasuwa, ya dawo ya hura wuta. Hannun da ya saba da fartanya bai san muciya ba. Tuwonsa duk gudaji, miyarsa tsululu. Zulaihatu takan daure ta haɗiye. Adama kuwa da an miƙa mata loma sai ta kau da kai, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe.

Wata rana da bazara ta kawo kai, ya shiga ɗakin marigayiyar neman irin geron da ta adana a kwalla. Ya ɗaga murfi, sai ga ɗan littafin rubutu a kan irin, an naɗe shi da tsohon kallabi. Nan ya tuna. Shekara biyu da suka wuce Maijidda ta shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata a gidan mai unguwa, malamar ta ce kowacce ta riƙa rubuta ko da layi ɗaya ne kullum don hannu ya saba. Shi a lokacin har tsokanarta yake yi, yana cewa za ta zama akawu.

Sama'ilu ya yi aji huɗu a firamare kafin mahaifinsa ya cire shi zuwa gona, saboda haka yana iya haɗa baƙi, amma a hankali. Ya buɗe shafin farko a tsaye. Rubutun manya-manya ne, yana hawa yana sauka kamar kunyar gonar da yaro ya yi.

"Yau kurciya ta yi ƙwai biyu a tsamiyar bayan gida."

Ya rufe littafin, ya sa a aljihun riga.

Tun daga ranar, idan ya sauke itace ya ɗaure jaki a inuwa, sai ya zauna ya karanta shafi ɗaya. Ba ya wuce ɗaya, don kada ya ƙare da wuri. Ba wani babban abu ta rubuta ba. Ta ce ta gane ganyen tafasa ya fi laushi idan an zubar da ruwan farko an sa 'yar kanwa. Ta ce babbar, wato Zulaihatu da kunya ta hana ta ambaton sunanta, tana tsoron ƙadangare amma ba ta son a sani. Ta ce maigidan idan ransa ya ɓaci ba ya faɗa, sai ya hau gyaran danga ko da ba ta lalace ba. A nan Sama'ilu ya yi murmushi, na farko tun rasuwar.

A wani shafin ya ga: "Adama ba ta cin abu da zafi. In ta kau da kai ba ƙoshi ba ne, a bari ya huce." Da yamma ya ɗebi tuwo ya baza a faranti ya yi ta fifita. Yarinyar ta ci loma bakwai, yana kallonta kamar wanda ya ga an yi ruwa.

Sai kuma ya zo kan waƙa. Maijidda ta rubuta a sama cewa ita ce take yi wa Adama:

"Kurciya sauko ki sha,
ruwan kasko ya kwanta,
'yar auta ta yi shiru,
gobe gero zai nuna."

Ya sha jin ta tana yi, amma bai taɓa sauraro ba. Ya karanta wa Adama kalmomin, yarinyar ta dube shi ta ci gaba da kukanta. Zulaihatu ta ce, "Baba, ba haka ake yi ba," amma da ta buɗe baki za ta yi, sai hawaye ya hana ta.

Kwana biyu yana shawara da zuciyarsa, sannan ya yi sallama a ƙofar Inna Kulu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wadda Maijidda kan zauna wurinta suna kaɗi.

"Inna, wata buƙata ce ta kawo ni, amma da nauyi."

"Faɗi mana, ɗana. In hatsi ne ka san babu."

"Ba hatsi ba ne. Waƙar nan da take yi wa yarinya, ta kurciya. Muryar nake so."

Tsohuwar ta dube shi, magidanci da gemunsa, ta yi 'yar dariya, sannan ta goge ido da bakin zane. Ta rera a hankali, ya bi ta, ya ɓata, ta sake. Sai da suka yi sau biyar.

Muryarsa kaushi gare ta, amma da ya yi a gida Adama ta tsaya cak, ta yi ta waige-waige tana duban ƙofar ɗaki. Daga baya ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Bayan haka, a hanyar kasuwa inda babu kowa sai shi da jaki, waƙar ba ta barin bakinsa.

Da ya kai shafukan ƙarshe rubutun ya fara ƙanƙancewa. Babu sauran zancen tsuntsu ko ganye. Layi ɗaya ne ya ga ya dawo har sau shida: "Yau ma na ce masa na ci a gidan Inna Kulu. Allah ya yafe mini."

Ya tuna. Tun bayan kaka takan ajiye musu akushi ta koma gefe tana tsince-tsince, in ya ce ta matso sai ta ce ta riga ta ci.

Ya nufi gidan Inna Kulu, wannan karon ko sallama bai ƙarasa ba.

"Inna, tana cin abinci a nan?"

Kulu ta ajiye mazarinta. "Ni da nake kwana da ruwan kanwa, me zan ba ta? Ta dai roƙe ni, in ka tambaya in ce e."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ba ka tambaya ba, Sama'ilu."

Ya durƙusa a wurin, ya fashe da kuka. Tsohuwar ta bar shi ya yi kukansa, sannan ta ce, "Kwana ya ƙare ne, ba kai ka kashe ta ba. Amma ina da ido. Dubi wuyan rigarka. Abin da ta yi shi kake yi yanzu. In ka bi bayanta, wa za ka bar wa su?"

Bai musa ba, don ya san rabonsa da cin tuwo ya ƙoshi tun ranar sadakar bakwai.

Ranar kasuwa ya ba da saƙo Zakirai, cewa Hure ta zo ta ɗauki Adama. Hure ta zo bayan kwana uku da ɗan ƙullin dawa. Kafin ta goya Adama ya tsayar da ita a tsakar gida ya gaya mata yadda ake ba ta abinci, da abin da take so da wanda ba ta so, har ya koya mata waƙar, Hure tana jin kunyarsa shi ba ya jin tata. Ya raka su har bakin titi, ya tsaya sai da mota ta ɓace.

Da baki ɗaya ya ragu, abin da ke gidan ya ishe shi da Zulaihatu da ƙyar. Ruwan shuka ya sauka a makare, amma ya sauka. Shi yana sara, ita tana bin sa tana zuba iri tana rufewa da diddige. Geron bai yi yawa ba, ya dai kai su wata damina.

Adama ta shekara biyu a Zakirai. Ranar da aka dawo da ita ta yi ƙiba ta yi wayo, tana kiran Hure Inna. Da ta ga Sama'ilu sai ta ɓuya a bayan zanen gwaggonta. Bai matsa mata ba. Ya shimfiɗa wa baƙi tabarma, ya ce Zulaihatu ta kawo ruwa, ya zauna nesa kaɗan suna gaisawa. Sai can wajen la'asar yarinyar ta tako da kanta, ta tsaya a gabansa, ta tambaye shi ko jakin nan da ke ɗaure nasa ne.

"Namu ne," in ji shi. "Zo ki gan shi."