Murfin da Aka Gasa Tsire a Kansa

A ƙofar gidanmu a Samarkand akwai hanyar ruwa da ke shayar da itatuwan unguwa. Da murfin ƙarfe a kanta, har ranar da maƙwabcinmu Tolib-aka ya ɗauke shi ya mai da shi magashin tsire. A makon ne ɗana Javlon ya fara tafiya, kuma duk inda ya ji motsin ruwa, can ƙafarsa take nufa.

Na yi wa Tolib-aka magana, ya ce aro ya yi. Na sake yi, ya ce shi ma a bakin ruwan nan ya girma, ga shi da ransa. Mijina yana aiki a Rasha, sai na kai kuka wurin Norqul-ota, shugaban kwamitin unguwa, wanda bai daɗe da dawowa daga horon sasanci a Tashkent ba.

Ya saurare ni ido a lumshe. Ya ce an koya musu mutane iri-iri ne wurin rigima: ni da gani mai fito-na-fito ce, Tolib-aka kuwa mai kaucewa. Matsalarmu, in ji shi, rashin sauraro ce.

"Norqul-ota, ruwan nan ya kai wuyan yarona," na ce.

"Kin gani, 'yata? Kin sake komawa kan murfi. Abin da zuciyarki ke ji nake tambaya."

Aka sa zaman sulhu ranar Asabar a inuwar inabin bakin titi. Tolib-aka ya fito da gajeren teburinsa mai sassaƙa, gadon kakansa. Ba a tayar da magana kafin a ci abinci, don haka muka ci. Tsiren ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. A kan murfin aka gasa shi ina kallo, hannuna ɗaya riƙe da rigar Javlon.

Bayan shayi, Norqul-ota ya sa kowa ya maimaita damuwar ɗan'uwansa. Tolib-aka ya dafa ƙirji ya ce ya ji ina cikin damuwa. Aka gutsura burodi, aka shafa fatiha, maza suka tafi masallaci suna yabon zaman.

Kwashe kwanuka aikin ƙaramar mace ne, na kwashe. Sannan na ja teburin na ɗora a kan ramin da murfin ya bari a buɗe. Ya zauna daram.

Da suka dawo, Tolib-aka ya tarar da Javlon yana tsalle a kan teburin da takalmi.

"Ke! Teburin kakana ne fa!"

"Aro na yi, Tolib-aka," na ce, na dafa ƙirji. "Na kuma ji kana cikin damuwa."

Kafin magariba murfin ya dawo wurinsa, da sauran maiƙonsa. Norqul-ota yana ta ba da labari a gidan shayi cewa horon Tashkent ya yi aiki, har ya ƙara mini matsayi zuwa masu haɗin kai. Ni dai na sa an kafe murfin da siminti.