Sawun Faraj

Da igwa ta yi shiru a garin Sidi Barrani, Miftah ya shiga filin dagar don neman ɗansa Faraj, wanda Italiyawa suka ɗiba soja bara. Sojojin Ingilishi sun ci sansanin Italiyawan, sun kora fursunoni gabas kamar garken awaki, matattu kuwa ga su nan zube tsakanin ƙonannun motoci.

Ƙanensa Buzaid yana biye da shi yana mita. "Yaya, mu duba gawarwakin nan mana, mu san inda muke."

"Kai ka duba su. Ni ƙasa zan tambaya."

Mutanensu da sawu suke gane mutum, kuma Miftah ya san ƙafar Faraj tun yana tatata, babban yatsan hagu a karkace. Amma ina, ai soja takalmi iri ɗaya ake ƙwama musu, mai ƙusoshi. Sawu ko'ina, duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya durƙusa, ya tashi, ya sake durƙusawa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don ƙasa ba ta taɓa ƙin ba shi amsa ba.

Can bayan wata tankar yaƙi, Buzaid ya tsinci takalma an ajiye su a jere. Daga nan sawun ƙafa ba takalmi ya zame daga layin fursunoni.

Miftah ya shafa gurbin karkataccen yatsan. "Shi ne. Ja'iri, don in gane shi ya tuɓe."

"To alhamdu lillahi. Dubi, har da gudunsa."

Miftah ya bi sawun da ido. Kudu sawun ya miƙe sak cikin hamada, inda duk ɗan gidansu zai nufa in ƙishi ya matsa masa, wato rijiyar kakansu. Faraj ya bar ta cike da ruwa. Bai san bom ya rufta da ita tun watan azumi ba, kuma babu wata kusa.

Miftah ya fizge salkar da ke kafaɗar Buzaid ya rataya. "Koma ka gaya wa uwarsa yana raye."

"In ta ce yana ina fa, Yaya?"

Miftah ya riga ya yi gaba, yana gudu irin na tsofaffi, idonsa a ƙasa.